Lifidi da Koset: Tarihin Tufafin Ɗaure Jiki a Kudancin Kano da Ƙasashen Turai

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani irin ɗinki ya shigo ƙasar Hausa wanda teloli suke kira koset. Riga ce ta mata, musamman amare da ƙawayensu, wadda ake yanka ta ƙyalle-ƙyalle, a jera mata tsinkayen roba daga ciki, a sa mata igiya ta baya, domin ta kame ƙirji da ciki, ta matse ƙugu. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ɗinki baƙo ne ɗungurungum. Gaskiya ne sunan baƙo ne, kuma siffar jikin da rigar take nema ta Turawa ce. Amma dabarar da ke ƙarƙashin ɗinkin, watau a haɗa ƙyalle biyu, a ratsa su da layukan allura, sa'an nan a cusa wani abu a tsakanin layukan don tufa ta yi tauri, maɗinkan ƙasar Kano sun san ta tun shekara 600 da suka wuce. Da ita suka ɗinka lifidi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin waɗannan tufafi biyu, ta bayyana yadda ake ɗinka kowanne, da abin da aka nufa da shi. Za a fi ba da ƙarfi ga yankin kudancin Kano, watau ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin yaƙe-yaƙen wannan shiyya ne suka kawo lifidi Kano, kuma a nan ne aka fara ganin ƙarshen amfaninsa.

2.0 Asalin Kalmomin

Masana harshe sun danganta kalmar lifidi da kalmar Larabci "libd", wadda take nufin gashin dabba da aka danne ya zama shimfiɗa mai kauri, irin wadda ake sa wa a ƙarƙashin sirdi. A Hausa ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa dukkan tufafin yaƙi masu cushe da auduga, na doki da na mahayinsa. Mahayan kuwa su ne 'yan lifida.

Kowane sashe yana da sunansa. Bantan lifidi shi ne yake rufe mara da ƙugu da cinyoyi. Safa ita ce take rufe ƙirji da kafaɗu. Kumakumi kuma wata 'yar riga ce mai kame gangar jiki, wadda mayaƙi yake ɗaurawa tamau. Kwalkwali shi ne na ka. Sulke kuwa dabam yake, don shi rigar ƙarfe ce ta ƙananan zobba da aka sarƙa.

Ita kuma kalmar koset daga tsohon Faransanci ta fito, daga kalmar "cors", watau jiki. Daga wannan tushe ne Turawa suka samo sunan wata rigar ƙarfe ta mayaƙa mai rufe ƙirji da baya. Ke nan a can ma sunan rigar mata da na rigar yaƙi 'yan gida ɗaya ne. Bugu da ƙari, mayaƙan Turai na ƙarni na 12 zuwa na 14 suna da nasu lifidin, kuma ɗaya daga cikin sunayensa, "aketon", daga kalmar Larabci ta auduga aka aro shi. Wannan ba ya nufin ɗayan tufafin ne ya haifi ɗayan. Abin da yake nunawa shi ne, duk inda aka so a mai da ƙyalle mai laushi ya zama mai tauri, hannun maɗinki kan bi hanya iri ɗaya.

3.0 Zuwan Lifidi Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya faɗi dalili. Kanajeji ya yi ta kai yaƙi ƙasar Umbatu, kuma a kowane karo yana asarar mutane da yawa. Masana tarihi sun gane Umbatu da Butawa, mazauna duwatsun da suke yankin Ningi, kudu maso gabas da Kano.

Mutanen duwatsu maharba ne, kuma kibiyarsu mai dafi ce. Kibiya mai dafi ba ta bukatar ta shiga jiki da zurfi. Ƙwarzane kaɗan ya isa ya kā da doki ko mahayinsa. Saboda haka abin da barade suke nema shi ne tufar da za ta tsai da tsinin kibiya kafin ya taɓa fata. Sulke yana tare sarar takobi, amma tsinin kibiya siriri yana iya ratsa zobbansa, ga shi kuma da tsada, domin daga nesa ake kawo shi. A. D. H. Bivar, a binciken da ya wallafa a 1964 a kan makaman Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa waɗansu daga cikin tsofaffin sulkunan da suke gidajen sarauta daga ƙasashen gabas suka zo, ta hanyar fatake. Lifidi kuwa kayan gida ne. Audugarsa a gona take, masaƙinsa da maɗinkinsa suna cikin gari.

Daga zamanin Kanajeji lifidi ya zama ƙashin bayan rundunar sarakunan ƙasar Hausa. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da 'yan lifida ɗari, amma maharban jama'ar Shehu Usmanu suka rinjaye ta. Duk da haka, da daular Sakkwato ta kafu, sarakunanta ba su yar da lifidi ba. Sai suka kafa nasu 'yan lifidan, yawancinsu daga cikin bayin sarki.

4.0 Yadda Ake Ɗinka Lifidi

Aikin lifidi yana farawa ne daga hannun mata. Su ne suke gurza auduga a kan magurji su fid da angurya, su shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, sa'an nan su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa zaren ƙwarya-ƙwarya, maɗinka su haɗa ƙwaryoyin su zama ƙyalle mai faɗi. Akan zaɓi saƙa mai ƙarfi, domin ita za ta ɗauki nauyin cushen.

Maɗinki yakan yanka ƙyalle biyu daidai wa daida, ɗaya na ciki ɗaya na waje. Sai ya shimfiɗa auduga shiɓaɓɓiya a tsakaninsu, ko kuwa audugar rimi, wadda ta fi ta gona rashin nauyi. Daga nan sai ya ɗauki basilla da zare mai kauri ya bi ƙyallen da ɗinki layi-layi, wani lokaci kuma ya gicciya layukan su zama gida-gida. Wannan ɗinki shi ne ran aikin. In babu shi, auduga za ta zame ta taru a ƙasa tun ranar farko, sama ta zama fanko. In layukan sun yi nisa da juna, tufar ta yi sako-sako. In sun matsu ƙwarai, ta yi tauri har mahayi ya kasa ɗaga hannu. Gwanintar maɗinki ita ce ya san inda zai matse da inda zai sassauta: ƙirji da ciki su yi kauri, hammata da gwiwa su sami sarari.

Bayan an gama cushe, akan rufe waje da ƙyalle mai launi, ja ko rawaya ko shuɗi, wani lokaci a yanka su ƙanana a jera su don ado. Dukawa su ne suke sa igiyoyin fata da ake ɗaurewa da su. Kwalkwali ma cushe ne na tsummoki da auduga, a rufe shi da mulufi, a ɗora masa ƙarfe a tsakar ka, a kafa gashin jimina. Na doki kuwa yakan rufe wuya da ƙirji da haƙarƙari da gindi, ya sauko har wajen gwiwa.

In kibiya ta sami irin wannan tufa, ƙarfinta yakan ƙare a cikin audugar, ta tsaya tana reto. Amma kariyar tana da farashinta. Lifidi yana da nauyi da zafi, sai babban doki ne yake iya ɗaukarsa, kuma ba ya sukuwa da shi. In ruwan sama ya jiƙa shi nauyin yakan ninku. In an harbo kibiya mai wuta, auduga ce, ba ta gardama. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye wani garin Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai mutum biyu sun taimaka kafin ɗan lifida ya hau dokinsa. Ya kuma ga harsashin bindiga guda ya kā da na gabansu. Saboda haka aikin 'yan lifida shi ne su shiga gaba a hankali su sha kibau a madadin sauran runduna, ko su kewaye sarki su zama masa garu.

5.0 Iyakar Kudu

Idan aka duba yanayin ƙasar Kano, za a ga kudancinta ya bambanta da arewacinta. Ruwan sama ya fi yawa, ƙasar tana karɓar auduga da baba, kuma tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano ta ratsa ta. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan wannan hanya, kuma Clapperton, da ya bi ta cikinsa a 1826, ya same shi babban gari mai yawan jama'a da ciniki. Kiru tana maƙwabtaka da shi ta yamma da kudu, wajen iyakar Zazzau. Irin waɗannan ƙasashe su ne suke ciyar da masaƙa da marinan Kano da Kura. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Sarkin Kano yana iya tara dawaki 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Audugar da ta yi riga da turkuɗi, ita ce kuma ta yi lifidi.

In aka ƙara nausawa kudu, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, sai ƙasa ta sāke. Nan ne dajin Falgore yake, da duwatsun Riruwai inda tun dā ake haƙar kuza. Gabas da nan kuwa duwatsun Ningi ne. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza ya bar Tsakuwa a ƙasar Kano da jama'arsa, saboda saɓani da masu mulki a kan haraji, ya shiga waɗannan duwatsu. Shi da magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, suka haɗa kan Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa mulkin da ya yi shekara hamsin yana kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau. Watau jikokin mutanen da suka sa Kanajeji ya nemi lifidi, su ne suka sāke tasowa bayan shekara 450.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita da kansa zuwa wannan iyaka. Amma yaƙin ya nuna iyakar lifidi. A fili, ɗan lifida dodo ne. A cikin kurmi da tsakanin duwatsu kuwa, doki mai ɗauke da irin wannan kaya ba ya hawa, ba ya juyawa da sauri, ba ya cim ma maharbin da ya harba ya ɓuya. Ningawa kuma ba su cika tsayawa a yi gaba da gaba ba. Sukan faɗo wa ƙauye da asuba, su kwashi mutane da dabbobi, su koma kafin runduna ta gama ɗaura ɗamara. Wannan ne ya sa sarakunan Kano suka fi dogara ga ganuwa da ribaɗi, suka ƙarfafa garuruwan iyaka irin su Tudun Wada da Rano, domin manoma su sami wurin fakewa.

6.0 Ƙarshen Lifidi a Fagen Fama

Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwan harsashi huɗu, ya nufi Kano. Bebeji ne garin farko da ya rufe masa ƙofa. Aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin da mutane da dama suka rasu a wurin. Labarin ya riga rundunar isa garuruwan da suke gaba, aka yi ta watsewa. Ranar 3 ga Fabrairu aka ci birnin Kano, lokacin Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato da manyan baradensa.

A ƙarshen watan nan baraden Kano suka gamu da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa kusa da Kwatarkwashi. Suka yi ta kai hari a kan dawaki, ana zuba musu harsashi, har Waziri Ahmadu ya faɗi tare da manyan mutane da yawa. Abin da Clapperton ya gani da bindiga guda a 1826, shi ne ya tabbata da ɗaruruwan bindigogi a 1903. Tufar da aka yi don kibiya ba ta da amsa ga harsashi.

Tun daga nan lifidi ya koma kayan hawa. A hawan salla 'yan lifida da 'yan sulke sukan fito a tawagar sarki, hakimai kuma su zo da nasu mutanen daga gundumominsu. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai lifidin hawa ado ake nema da shi. Ba a gwada shi da kibiya, don haka ba lalle ne ya yi kaurin na dā ba.

7.0 Koset a Ƙasashen Turai

A lokacin da lifidi yake tashe a ƙasar Hausa, a fadojin Sifen da Italiya na ƙarni na 16 matan sarauta suka fara sa riga mai tauri a ƙarƙashin tufafinsu, don gangar jiki ta miƙe sambal. Daga cikin mafiya tsufa da suka rage akwai wadda aka binne wata gimbiyar Jamus, Dorothea Sabina ta Neuburg, da ita a 1598, da kuma wadda aka sa wa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila a 1603, wadda take Westminster a Landan.

Abin da aka cusa a cikin waɗannan riguna da fari shi ne karan ciyawa mai tauri, da igiya, da itace ko ƙaho a tsakiyar ƙirji. Daga baya aka koma ga wani abu da ake samu daga wata ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi. Wannan dabba ba ta da haƙora. A maimakonsu tana da waɗansu dogayen faifai a rataye a bakinta, da su take tace abincinta. Turawa suna kiran su ƙashi, amma asalinsu ɗaya da ƙaho da farce. Ana iya tsaga su siri-siri, suna lanƙwasa ba su karye ba, kuma in sun ji ɗumin jiki sukan ɗauki siffarsa. Neman su, tare da neman man dabbar, ya sa jiragen Holan da Ingila suka yi ta farautarta a tekun arewa tun ƙarni na 17, har ta kusa ƙarewa a waɗansu wurare.

A ƙarni na 18 maza ne suke wannan ɗinki, domin tura allura cikin ƙyalle mai kauri da tsaga ƙashin suna bukatar ƙarfin hannu. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 rigar ta gajarce ta yi laushi na ɗan lokaci. Amma daga wajen 1820 siririn ƙugu ya dawo, kuma masana'antu suka ba shi ƙarfi. A wannan tsakani aka ƙago ƙananan zobban ƙarfe da ake kafawa a ramukan igiya, watau aka sami damar jan igiyar da ƙarfi ba tare da ƙyallen ya yage ba. A 1829 Jean-Julien Josselin na Faransa ya ƙago ƙarfen gaba mai rabuwa biyu, wanda ya sa mace take iya sa rigar ta cire da kanta. Keken ɗinki ya yaɗu bayan 1850, kuma a 1868 Edwin Izod na Ingila ya fito da dabarar shafa wa rigar sitaci a gasa ta da tururi a kan gunkin ƙarfe, ta fito da siffarta tun daga masana'anta. Da haka koset ya sauko daga fada ya shiga ɗakin 'yar aiki.

8.0 Yadda Ake Ɗinka Koset

Koset na ƙarni na 19 ɓari biyu ne, dama da hagu. Kowane ɓari an haɗa shi da ƙyallaye biyar ko shida, kowanne an yanka shi da faɗi a sama, ya tsuke a tsakiya, ya sāke buɗewa a ƙasa. Wannan yanka shi ne yake ba da siffa; ƙashin da ake sa wa aikinsa kawai ya hana ƙyallen naɗewa. Ana amfani da wata saƙar auduga matsattsiya wadda ba ta miƙewa. A haɗa ta ninki biyu, a bi ta da layukan ɗinki daga sama zuwa ƙasa, a zura ƙashi ko siririn ƙarfe a kowane rami, a toshe bakinsa da zare don kada ya huda ya soki mai shi. A daidai ƙugu akan sa wani ƙyalle mai ƙarfi ya kewaye daga ciki, domin nan ne ja ya fi yawa. Gaba yana da ƙarfe mai maɓallai, baya kuma igiya. Ba a sa shi a kan fata. Sai an fara sa 'yar shara ta ciki.

Mai karatu zai ga kamar aikin da na lifidi: ninki biyu, layukan ɗinki, cushe, igiyar ɗauri. Bambancin yana wajen inda ƙarfin tufar ya fuskanta. Lifidi yana tare abin da ya zo daga waje, shi ya sa ake yin sa da kumburi. Koset kuwa jikin mai shi yake dannawa, shi ya sa ake yin sa da tsukewa.

Likitoci sun daɗe suna sukar sa. Samuel Thomas von Sömmerring na Jamus ya wallafa littafi a 1793 da zanen da yake nuna yadda matsi yake tanƙwara haƙarƙarin ƙasa. A 1881 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai neman a sauƙaƙa tufafin mata. Abin da ya tabbata shi ne matsi mai tsanani yana rage numfashi, yana danne ciki, kuma in an daɗe ana yi tsokar baya takan yi rauni. Amma Valerie Steele, a littafinta na 2001 a kan tarihin koset, ta nuna cewa yawancin mata ba su kai matsin ga haddin da ake ba da labari ba. Inci kaɗan suke ragewa. Daga wajen 1908 masu tsara tufafi a Faris, irin su Paul Poiret, suka koma ga riguna sakakku. A 1914 Mary Phelps Jacob ta Amurka ta yi rajistar wata irin rigar mama, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shigar da mata aikin masana'anta, inda ba a iya sunkuyawa da ƙarfe a ciki. Koset ya ja baya, sai bayan 1980 ya dawo, a wannan karo a matsayin rigar waje ta ado. Wannan sabon salon ne ya iso Nijeriya, ya shiga ɗinkin biki.

9.0 Matan Hausa da Ɗaurin Jiki

Matan Hausa ma suna da nasu ɗaure-ɗauren, amma ba su bi ta hanyar yanka da cushe ba. Ɗaurin ƙirji zane ne ake naɗawa a soke. Majanyi ƙyalle ne da ake tamke goyo da shi. Mai jego takan ɗaure cikinta da ƙyalle a kwanakin wankan jego, don ciki ya koma. Jigida kuma ado ce, tana kwanciya a kan ƙugu ba ta matse shi ba, kuma abin da ake so da ita shi ne ta nuna cikar jiki, domin a idon Bahaushen dā cika ita ce kyau, rama kuwa alamar wahala ce ko ciwo. Dukkan waɗannan mace ce take ɗaurawa da hannunta, ta sassauta sa'ad da ta so.

Harshe ma ya ba da shaida. Ɗamara a Hausa ta aiki ce da yaƙi. In an ce mutum ya ci ɗamara, ana nufin ya shirya wa wahala. Soja da ɗan sanda su ne masu ɗamara. Guru da mafarauta da 'yan tauri suke ɗaurawa a ƙugu na tsari ne. Babu wata tsohuwar kalma ta Hausa da take nufin matse ƙugun mace don ya sirance, shi ya sa da abin ya zo sai aka karɓe shi da sunansa na aro.

10.0 Kammalawa

An ga yadda dabara ɗaya ta ɗinki ta yi aiki biyu: a ƙasar Kano ta kāre rayukan barade daga zamanin Kanajeji har zuwa 1903, a Turai kuma ta siffanta jikin mata na kusan shekara 400. Hausawa sun ce zamani riga ne, kuma ba a hana matasa sa tasu. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka kamata a lura da su.

Na farko, telan da zai ɗinka koset ya kamata ya san cewa siffa daga yanka take fitowa, ba daga jan igiya ba. Rigar da aka auna daidai tana riƙe jiki, amarya ta zauna ta ci abinci ta yi numfashi. Wadda aka yanka ba bisa awo ba, aka ce igiya ta gyara, ita ce take sa mai ita haki da jiri a tsakiyar taro.

Na biyu, kalmomi irin su kumakumi da safa da bantan lifidi sun kusa fita daga bakin jama'a, sun koma cikin ƙamus irin na G. P. Bargery na 1934. Ana iya ajiye tsohon lifidi a gidan kayan tarihi kamar Gidan Makama, amma sanin tazarar layi da layi, da yawan audugar da ƙirji yake ci, a hannun maɗinka yake. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su aika ɗalibai gidajen hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su ga kayan hawan da aka gada, su auna su, su rubuta sunan kowane sashe daga bakin masu kula da su, tun dattawan da suka san aikin suna da rai.